Amsa: Wa ya fi daɗewa a lamba ɗaya a tanis ɗin maza?

Malam, ka tambayi wanda ya fi daɗewa a lamba ɗaya, da dalilin da ɗan wasa ke saukowa ko bai sha kashi ba. Djokovic ne, makonni 428. Federer na da 310, amma 237 daga ciki a jere suke, daga 2004 zuwa 2008, kuma a ganina wannan ya fi wuya. Jadawalin ATP, wato wanda ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan tanis maza ke jera 'yan wasa a kai bisa maki, ya fara ne a 1973 da Ilie Nastase a lamba ɗaya.

Batun saukowa kuwa, maki na makonni 52 ne kawai. Wanda ya ci gasar Wimbledon bara ya samu maki 2000. In rauni ya hana shi bugawa bana, duk sun zube. Patrick Rafter ma mako ɗaya tak ya yi a sama, a 1999.