Hoton hirar WhatsApp a gaban alƙali, da sauran tambayoyin lauyoyi

Yawancin tambayoyin wannan karon daga lauyoyi suka fito, ko daga waɗanda ke da shari'a a kotu, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Ni ba lauya ba ne, saboda haka fassarar doka taku ce, nawa shi ne bayanin yadda na'ura take aiki.

Tambaya daga wata lauya: Malam, wanda nake wakilta ya ba wani mutum bashi, kuma duk maganar ta WhatsApp suka yi ta. Ya ɗauki hotunan hirar ya turo mini, daga baya ya sayar da wayar ya sayi sabuwa, hirar kuma ba ta biyo shi ba. Akwai manhajar da za ta dawo da saƙonnin, ko hotunan sun wadatar?

Amsa: Barista, kafin komai ki sa shi ya dakatar da ajiyar hira, wato kwafin hirar da WhatsApp ke adanawa a intanet, a sabuwar wayar, domin idan asusun Google ɗaya yake amfani da shi, sabuwar ajiya tana hawa kan tsohuwa ta shafe ta. Ya duba kwanan wata da girman ajiyar da ke Google Drive ko iCloud. Idan ta tsohuwar wayar tana nan, ya sake saka WhatsApp da lambar nan da asusun nan, za a tambaye shi ko yana son a maido da ita. Idan kuwa bai taɓa kunna ajiya ba, to babu manhajar da za ta cece shi. Tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni ta yadda mai aikawa da mai karɓa ne kaɗai ke iya karantawa, kamfanin ba ya riƙe saƙon da ya riga ya isa, wanda bai isa ba kuma kwana 30 yake yi a wurinsu a goge shi. Manhajojin da ke alkawarin dawo da tsohuwar hira, yawancinsu izinin karanta sanarwar wayarka suke nema, wato ka buɗe musu sirrinka na gobe ba tare da sun dawo maka da na jiya ba. Hanyar da ta rage ita ce wayar ɗaya ɓangaren, kuma kin fi ni sanin yadda ake roƙon kotu ta umarci a adana ta a gabatar da ita.

Amma abin da ya fi damuna a wasiƙar nan shi ne yadda mutane, har da masu ilimi, suka ɗauki hoton allon waya tamkar shi ne ƙarshen hujja. Mutum zai ɗauki hoto uku, ya ce ai gani ya kori ji, sannan ya goge hirar don wayarsa ta cika, ko ya ba ƙaninsa wayar bayan ya wanke ta tas. Ki ɗauki ɗaya daga cikin hotunan da aka turo miki ki dubi samansa da kyau. Sunan da ke wurin, mai wayar ne ya rubuta shi da hannunsa ranar da ya adana lambar. Kowa zai iya adana lambar abokinsa da sunan wanda yake so ya ƙulla wa sharri, ya ɗora masa hoton mutumin, su rubuta wa juna abin da suka ga dama, a ɗauki hoto, a cikin minti biyar an gama. Ana iya goge saƙo biyu daga tsakiyar hira kafin a ɗauki hoton, maganar ta juya gaba ɗaya ba tare da alamar an taɓa komai ba. Lauyan ɗaya ɓangaren ba ya ma buƙatar tabbatar da cewa an yi hakan, ya ishe shi ya nuna wa alƙali cewa ana iya yi, sannan ya tambayi inda wayar take.

Dokokin ƙasashe da dama sun san da wannan rauni. A Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar abin da kwamfuta ta fitar: a nuna cewa na'urar ana amfani da ita a kai a kai, tana aiki yadda ya kamata a lokacin, kuma a bayyana yadda aka fitar da takardar da irin na'urar da ta fitar da ita. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da wasu takardu da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Kotun Ƙolin Indiya ma a 2014 ta tsaya kan cewa sai da takardar shaida za a karɓi kwafin bayanan na'ura. To ta yaya mutum zai ba da bayanin na'urar da ya riga ya sayar wa wanda bai ma san inda yake ba? A wata shari'ar ɓata suna da aka yi a Landan a 2022, an shaida wa kotu cewa wata waya mai ɗauke da muhimman saƙonni ta faɗa cikin teku, alƙaliyar kuma ba ta gamsu cewa tsautsayi ne ba, kuma ɓacewar saƙonnin ta yi wa mai ƙara illa.

Ga abin da nake so kowane lauya ya gaya wa duk wanda ya shigo ofishinsa da maganar waya, tun a zaman farko. Wayar da aka yi hirar da ita ta zama kayan shari'a, ba a sayar da ita, ba a wanke ta, ba a kai ta wurin gyara ba tare da an yi ajiya ba. A kashe tsarin saƙonni masu ɓacewa da kansu, wanda ke share hira bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. A fitar da hirar gaba ɗaya ta hanyar da WhatsApp ya tanada, tare da hotuna da saƙonnin murya, a aika wa lauya ta imel a ranar, domin imel ɗin kansa yana ɗauke da kwanan wata. Na san fayil ɗin da ke fitowa rubutu ne da ake iya sauyawa, shi ya sa nake ƙara wata al'ada tawa da ba na gajiya da faɗa: a ɗauki wata waya dabam a yi bidiyon allon ba tare da yankewa ba, a fara daga shafin da ke nuna ainihin lambar mutumin, sannan a gangara cikin hirar a hankali daga farko har ƙarshe. Hoton da zai zama hujja kuma a tura shi a matsayin fayil, domin tura shi ta hanyar da aka saba tana matse shi, tana kuma cire bayanan lokaci da na kyamarar da ta ɗauka. Idan kuɗin da ake magana a kai mai yawa ne, a kai wayar wurin ƙwararren mai binciken na'ura ya kwafe ta ya fitar da lambar tantancewa irin ta SHA-256, wadda ke sauyawa gaba ɗaya idan aka taɓa ko harafi ɗaya a cikin fayil.

Hotunan da ke hannunki kada ki yar da su, ki haɗa su da bayanan banki na ranar da aka tura kuɗin, domin wannan aƙalla yana da wanda zai tsaya ya shaide shi.

Tambaya daga wani matashin lauya: Na fara amfani da ChatGPT wajen nemo hukunce-hukuncen da zan kafa hujja da su, kuma yana rage mini aiki sosai. Da matsala?

Amsa: Da matsala babba, Barista, idan kana kwafowa kai tsaye. Irin wannan manhaja ta ƙirƙirarriyar basira tana haɗa kalmomi ne bisa abin da ya fi dacewa ya biyo baya, saboda haka tana iya ƙago sunan shari'a, da shekara, da lambar shafi, har da kalaman alƙali, duka a tsare kamar gaske. A watan Yunin 2023 wani alƙalin tarayya a New York ya ci tarar wasu lauyoyi biyu da ofishinsu dala 5,000 a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca, bayan sun gabatar da hukunce-hukunce shida da ba a taɓa yanke su ba. Ɗaya daga cikinsu ya ma tambayi manhajar ko hukunce-hukuncen na gaske ne, ta amsa masa da cewa na gaske ne. Ka yi amfani da ita wajen tsara rubutu ko taƙaita takardar da ka riga ka karanta, amma duk hukuncin da ta ambata sai ka buɗe shi a littafin rahoton shari'a ka karanta da idonka. Sunayen waɗanda kake wakilta da sirrinsu kuma ba wurin zuba su ba ne.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa: Lauyana ya ce in daina amsa maganar ciniki da alamar ɗaga babban yatsa. Ba tsoratarwa ba ce kawai?

Amsa: Lauyanka yana bin labaran shari'a, Alhaji, ka riƙe shi da kyau. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke cewa alamar da wani manomi ya tura bayan an aiko masa da hoton yarjejeniyar sayen amfanin gona ta zama amincewa, ta kuma umarci ya biya sama da dalar Kanada 82,000 saboda bai kai kayan ba. Manomin ya ce nufinsa ya ga saƙon ne kawai, amma alƙalin ya duba yadda suka saba ƙulla ciniki a baya da gajerun amsoshi. Idan gani kawai ka yi, rubuta "na gani, zan duba" ba zai gajiyar da yatsan da ya iya tura alama ba.

Tambaya daga wata lauya: Kotu ta tafi hutun shekara, ina so in huta, amma saƙonni ba sa barina.

Amsa: Ki kunna amsar hutu a saitin Gmail, ki sa ranar farawa da ranar ƙarewa, sannan ki mayar da lambar aiki kan WhatsApp Business ki kunna saƙon ba na kusa. Ki rubuta ranar dawowarki da wanda za a nema idan lamarin gaggawa ne, amma kada ki faɗi inda kika tafi. Faransa tun 2017 ta sa haƙƙin ma'aikaci na kashe na'ura bayan tashi daga aiki a cikin dokar ƙwadago, ke kuwa da ke riƙe da ofishinki ba sai kin jira doka ba.

Tambaya daga wani magatakardan ofishin lauyoyi: Kalandar wayata ta nuna ranar hutu, ban je shigar da takardu ba, ashe kotu ta buɗe.

Amsa: Ka duba ƙasar da ka zaɓa a sashen ranakun hutu na Google Calendar, sannan ka kashe nuna bukukuwan da ba hutun gwamnati ba ne. Ranakun da suka dogara da ganin wata kuwa lissafi ne aka yi tun da wuri, yana iya saɓawa da kwana ɗaya, saboda haka sanarwar hukuma da ta rajistaran kotu ake bi. Kowane wa'adi ka sa masa tunatarwa biyu, ɗaya saura mako guda, ɗaya saura kwana biyu, kuma ka raba kalandar da mai gidanka don shi ma ya riƙa gani.