Batun buta da ban-ɗaki a ƙasashen waje

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce ka samu gurbin karatu a Faransa, za ka tashi daga Yamai wata mai zuwa, kana tambaya ko gaskiya ne babu buta a can, da yadda mutum yake yi da tsarki da alwala. Ka kyauta da ka tambaya, domin ni ban tambaya ba, sai da na ji a jikina.

Gaskiya ne, takarda kawai za ka tarar. A gidaje da yawa ma masai ɗakinsa daban, wurin wanka daban, kuma a ɗakin masan sau da yawa babu famfo ko ɗaya. Saboda haka ka sa ƙaramar butar roba a jakarka tun daga nan, idan kuma za ka fita gari, gorar ruwa ta wadatar. Malamanmu sun halatta tsarki da busasshen abu mai tsabta, sai dai ruwa ya fi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ƙasan ban-ɗakin. Mu a Tawa mun saba mu kwara ruwa ya bi rariya ya fice, amma a can yawanci babu rariya a ƙasa, sai cikin bahon wanka kaɗai. A zuwana na farko na sauka wurin wani ɗan'uwa a hawa na uku, na yi wanka da bokiti a tsakar ban-ɗaki kamar yadda na saba, kafin la'asar matar da ke ƙasanmu ta hau da fushi tana cewa rufinta na ɗiga. Har yau idan na tuna fuskar mai masaukina yana ba ta haƙuri sai raina ya ɓaci. Ka yi wanka da wankin ƙafa cikin bahon, ka goge duk abin da ya fantsama.

A titunan Paris akwai ban-ɗakunan da suke wanke kansu, kyauta ne tun 2006, amma idan wani ya fito kada ka faɗa nan take, ka bari ƙofa ta rufe wankin ya ƙare. A manyan tashoshin jirgin ƙasa kuwa ana biyan kimanin yuro 1, wato sefa 656.

Idan ka bi ta Turkiyya za ka samu sauƙi, domin masansu na zama yana da ɗan bututu daga baya mai fesa ruwa, kamar yadda a Saudiyya ake rataye tiyo a gefe. Inda ka ga kwando kusa da masai da rubutu a bango, to takarda cikinsa ake jefawa, saboda bututun yana saurin toshewa.

Sai famfo. A Faransa harafin C ruwan zafi ne, F na sanyi, amma ranar da ka tsallaka Ingila C ɗin na sanyi ne, H na zafi. Ka riƙa taɓa ruwan da yatsa kafin ka tara hannu, musamman da asuba. Allah ya kai ka lafiya.