Haɗa ƙunshin Debian ba sai da wahala ba

Malam, ka tambaya ko dole sai ka rubuta debian/rules, wato fayil ɗin da ke faɗin yadda za a haɗa ƙunshin, da hannu kafin manhajarka ta zama ƙunshin .deb, irin fayil ɗin da ake girka manhaja da shi a tsarin Linux na Debian. A'a, ba dole ba ne. Ka girka kayan aikin haɗa ƙunshi, debhelper da dh-make. Umarnin dh_make zai ƙirƙiro maka folda mai suna debian, kai kuma ka gyara fayil ɗin control da ke cikinta, musamman layin Build-Depends, inda ake jera manhajojin da ake buƙata wajen haɗa ƙunshin. A cikin rules, "%:" da "dh $@" a ƙasansa sun wadatar, amma layi na biyun nan da Tab zai fara, ba tazara ba. Nan ne yawancin ɗaliban da nake koyarwa a Samaru suke tuntuɓe. Sai ka haɗa ƙunshin da umarnin dpkg-buildpackage -us -uc, ka bi shi da lintian, mai duba kurakurai a ƙunshin.

Pbuilder kam, wato manhajar da ke haɗa ƙunshi a keɓaɓɓen wuri mai tsabta, yana cin data sosai, ka haɗa shi da apt-cacher-ng, mai adana ƙunshe-ƙunshen da ka riga ka sauke, don kada ka riƙa maimaita saukewa.