Na Biya Kuɗin Zumunta, Amma Na Kasa Miƙa Hannu Ga Jibin Ubangiji

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Yaya aiki, yaya iyali? Na daɗe ina karanta amsoshin da kike ba wasu, yau ga shi abin ya zo kaina. Don Allah a sakaya sunana da na ikilisiyarmu.

Ni matar aure ce, shekarata 41, 'ya'yana huɗu. Muna zaune a wani ƙauye a yankin Kachiya, kudancin Kaduna, noman citta muke yi kamar kowa a wajenmu. Shekara biyar ina riƙe da kuɗin Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiyarmu, ko kwabo bai taɓa salwanta a hannuna ba. A cikin gwangwanin madara nake ajiye su, can ƙasan akwatin zannuwana, littafin lissafi a bisa.

A watan Yunin 2023 maigidana ya faɗi da babur, ƙashin cinyarsa ya karye. A asibiti aka ce sai mun ajiye kuɗi kafin a yi masa aiki. Duk abin da muke da shi mun riga mun zuba a gona: iri, taki, 'yan ƙwadago. Ga shi ba a daɗe da cire tallafin mai ba, kowa na fama da kansa. Na zaga dangi, abin da na samo bai kai rabi ba. Cikin dare na buɗe akwati na ƙirga naira 240,000. Na ce wa zuciyata aro ne, in mun haƙe citta zan mayar, ba wanda zai sani.

Sai cutar nan ta faɗa wa citta a daminar. Ganye ya yi rawaya, in ka tona sai ka tarar ta ruɓe a ƙasa tana wari. Ko buhu biyu ba mu ɗauka ba.

Da aka nemi kuɗin domin taron shekara, sau biyu ina ƙarya. Na farko na ce mabuɗin akwati ya ɓata, na biyu na ce na ba wani ajiya ya yi tafiya. A na uku na kasa. Na je gidan uwar zumunta na durƙusa na faɗa mata komai. Dattawa suka zauna, aka sa ni a horo na wata shida, aka karanta a gaban jama'a ranar Lahadi. Na koma bencin baya. Ranar da na fara zama a can na ji wata a gabana tana cewa, "Rana dubu ta ɓarawo." Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma juyo ba.

Na sayar da keken ɗinkina da awaki uku, na shiga toya awara a bakin makarantar firamare, har na biya kuɗin tsaf. Da wa'adi ya cika fasto ya kira ni gaba, ya yi mini addu'a, mata suka yi guɗa, aka buga tulu, aka karɓe ni.

Mama, ga matsalar. Sama da shekara ke nan da karɓata, amma ko sau ɗaya ban ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da abin sha da ake rabawa a coci don tunawa da mutuwar Yesu. In faranti ya iso gare ni sai in ji hannuna ya yi nauyi, in miƙa wa ta kusa da ni. Abin da manzo Bulus ya rubuta a 1 Korantiyawa 11 ne yake ta zagaya mini a kai, cewa mai ci da rashin cancanta hukunci yake ci wa kansa. Zanin zumunta yana akwati, na kasa ɗaura shi. Ina azumi kwana uku a mako har gyambon ciki ya kama ni. In na durƙusa addu'a ji nake maganar ba ta wuce kwanon rufi. Barci sai ɓarawo. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, lokacin da nake bencin baya na fi jin kusanci da Allah. Yanzu da aka ce an yafe, cikina fayau yake.

Maigidana yana ganin ƙafarsa ce ta jawo, don haka ba ma taɓa zancen. Autata kuma ta tambaye ni, "Mama, me ya sa kullum ke ba ki ɗauka?" Na rasa amsa.

Shin Allah ya yafe mini da gaske, ko dai mutane ne kawai suka gaji suka ce ya wuce? Me ya rage in yi?

'Yarki cikin Ubangiji,
daga yankin Kachiya


'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Sannu da wannan ɗawainiya, a gaida mai jiki.

Ba zan shafa miki mai a baki ba. Abin da kika ɗauka ba aro ba ne, domin aro da sanin mai kaya ake yinsa, kuma ƙaryar nan biyu ta fi kuɗin muni. Kin san haka, shi ya sa kika je kika durƙusa da ƙafarki. Na faɗa ne don kada ki ce Mama lallashina kawai take yi. In ɓera da sata kuma, daddawa ma da wari: ƙungiyar da ta bar dubban ɗaruruwa a gwangwani a ɗakin mace ɗaya, mai miji a gadon asibiti, ita ma ta binciki kanta. A buɗe asusu a banki, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu. Wannan saƙo ne ga iyayen zumunta da ke karanta mu.

To, mu dawo kanki. A duk wasiƙarki layi ɗaya na fi tsayawa a kai, inda kika ce kin fi jin kusanci da Allah a bencin baya. Kin san dalili? A lokacin kina da abin biya a hannu. Kowane zaman baya, kowace awara da kika toya, kowane kallon banza da kika haɗiye, kina jin ana rage miki bashi. Da aka ce an gama sai hannunki ya zama wofi, sai kika ƙirƙiro wa kanki sabon horo wanda dattawa ba su yanke miki ba: azumin kwana uku, zani a akwati, faranti ya wuce. Littafin lissafin nan da kika riƙe shekara biyar, kin buɗe wa Allah shafi a ciki.

Ban ga laifinki sosai ba, haka muka taso. In wata ta kawo miki gudummawa ranar suna, kina rubutawa, ranar nata bikin ki rama har da ƙari. Ko kwanon tuwo aka aiko, kunyar mayar da shi wofi muke ji. Sai muka ɗauki wannan hali muka shiga da shi ɗakin sujada, muna jin kalmar alheri muna tuna ramuwar biki. Amma Afisawa 2:8-9 ta rufe wannan ƙofa: ta alheri aka cece ku, ta wurin bangaskiya, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Romawa 5:8 ma ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Bashin zumunta naki ne, kin biya, kuma daidai kika yi, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta ninki huɗu. Sai dai ki duba Luka 19 da kyau: Yesu ya riga ya ce zai sauka a gidansa kafin Zakka ya ambaci ko sisi.

Kin tambaya me ya rage ki yi. Sarki Dawuda ya tsaya inda kike tsaye, laifinsa kuwa ya ninka naki: ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin dāga. A shari'ar Musa hukuncin wannan laifi kisa ne, ba rago ko bijimin da zai goge shi. Shi ya sa a Zabura 51 ya ce wa Allah, da hadaya kake so da na kawo, abin da ba za ka raina ba shi ne karyayyar zuciya mai tuba. Mutane da yawa suna karanta wannan aya a juye, suna zaton karyewar ita ce kuɗin shiga, wato in na ƙara azabtar da kaina Allah zai ƙara saurarona. A'a. Sarki ne mai garkunan shanu yake cewa ba ni da abin kawowa. Kuma da ya ce wa annabi Natan "Na yi wa Ubangiji zunubi," a cikin aya ɗaya, 2 Sama'ila 12:13, amsa ta zo cewa Ubangiji ya kawar da zunubinsa. Tabon abin bai bar gidansa ba, kamar yadda keken ɗinkinki bai dawo ba. Gafarar dai ba ta jira ya rame ba.

Lokacin muna yara akwai wani tsoho mai gyartai da yake zagayawa gida-gida. In ƙwaryar kakata ta tsage, ba ta ɓoye ta a bayan randa, ba ta kuma ƙara buga ta da ƙasa don ta nuna ta ji haushi. Miƙa masa take yi a yadda take, ya huda gefe da gefe da basilla, ya ɗinke, gobe a dama fura a ciki. Ɗinkin yana nan kowa na gani. Ke kuwa kin rungume taki ƙwaryar kina ta ƙara tsaga ta, mai gyara na zaune a ƙofar gida.

Ba ke kika fara ba. Martin Luta na Jamus ya shiga gidan sufaye a 1505, ya yi ta azumi da kwanan sanyi, yana shafe sa'o'i yana furta zunubansa har mai sauraronsa ya gaji, bai sami salama ba. Sai da ya zauna a kan Romawa 1:17 ya gane cewa adalcin da ake magana a kai Allah ne yake bayarwa, ta bangaskiya ake karɓa.

Ga mutum biyu da suka fāɗi a dare guda, kada kuma ki tsorata da misalin. Yahuza da ya ba da Yesu ya yi nadama, ya ce ya yi zunubi, har ya mayar da azurfa talatin da aka biya shi. Ya biya, amma ya tafi da baƙin cikinsa shi kaɗai, baƙin cikin ya cinye shi. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a bakin garwashin wuta, ya fita ya yi kuka mai zafi, ba shi da abin mayarwa. A Yahaya 21 Yesu ya same shi a bakin tekun Galili, ya hura wani garwashin, ga kifi ga gurasa, ya ce ku zo ku karya kumallo. Ki lura da jerin abin: sai da suka ci suka gama, sannan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa kiwon tumaki. Abinci ne ya fara zuwa. Wannan ne bambancin da Bulus ya yi a 2 Korantiyawa 7:10, tsakanin baƙin cikin da ke kai mutum ga tuba da wanda ke kai shi ga mutuwa.

Ayar da ke hana ki barci kuma, ki koma 1 Korantiyawa 11 ki karanta daga aya ta 17. A Koranti masu hali suna riga talakawa ci, wani ya kwana da yunwa wani ya bugu, ana kunyata marasa shi a teburin Ubangiji. Yadda suke cin ne Bulus yake tsawatarwa. Bai ce sai marar laifi zai ci ba, da faranti ya koma cike kowace Lahadi, har fasto bai taɓa ba. Ya ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. Kin gwada kanki fiye da shekara. Rabin ayar na biyu fa?

Shi Bulus ɗin nan, da aka hori wani a ikilisiyar, ya rubuta a 2 Korantiyawa 2 cewa horon da jama'a suka yi masa ya isa, a yafe masa a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi. Ikilisiyarki ta ce ya isa. In kin ce bai isa ba, kin ɗora hukuncinki bisa na dattawa, bisa kuma alkawarin 1 Yahaya 1:9, cewa in mun furta zunubanmu Allah zai gafarta mana. Na san tawali'u kike nufi, amma ki duba ko ba wani ɗan girman kai ne ya ɓuya a ciki ba, na ma'ajin da ba ta taɓa cin bashin kowa ba, ba ta kuma son ta fara da Allah.

Maganar kwanon rufi, kada ki auna gafara da abin da kike ji a ƙirji. Jikin da ba ya ci, ba ya barci, ga gyambo, ko albishir aka yi masa ba zai ji daɗinsa ba. Ki ajiye azumin nan daga gobe, ki sha maganinki. Ki kuma gaya wa likita zancen rashin barcin da wannan fayau ɗin da kike ji, domin ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran, ana maganinsa, ba rashin bangaskiya ba ne. In har tunanin gara mutuwa ya taɓa gilma miki, kada ki kwana da shi, ki faɗa wa wani a ranar.

Ki zauna da maigidanki. Ku biyu kuna ɗaki ɗaya kowa na ɗauke da laifin abu guda a ɓoye, barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa. Ki gaya masa ke kika buɗe akwatin, ba ƙafarsa ba, kuma an yafe. Autarki ma ki ba ta amsa daidai shekarunta: Mama ta yi kuskure, ta ji kunya, Yesu ya yafe mata. Yarinyar tana koyon ko wane ne Allah daga abin da hannunki ke yi da farantin nan.

Kafin Jibi mai zuwa ki je wurin matar fasto ko uwar zumunta, ki roƙe ta ta zauna kusa da ke ranar. Hannun zai yi nauyi, watakila ya yi rawa, watakila ba za ki ji komai ba bayan kin ci. Ki ɗauka duk da haka. Mai karin maganar ɓarawo kuwa, ki gaishe ta in kun haɗu, laifi tudu ne.

Zanin ma ki fito da shi yau ki wanke ki shanya, ya isa ya yi warin kafur. Ki rubuto mini bayan Lahadin.

Mamarki