An gwada saiwar sanya a jikin ɓeraye: ko hakan ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Mahaifiyata tana shan jiƙon saiwar sanya, wadda ake kira uwar magunguna, saboda ciwon gaɓoɓi. Mai maganin ya ce an gwada ta a jikin ɓeraye a jami'a, babu wanda ya mutu. Shin ta ci gaba da sha kullum?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. A fara tambayar mai maganin wane gwajin aka yi, domin gwajin guba hawa-hawa ne.

Wanda aka fi yi a jami'o'inmu shi ne na ɗuri sau ɗaya. A tsarin da wani masani mai suna Lorke ya fitar a 1983, ana raba ɓeraye tara gida uku, a ɗura wa kowane gida adadinsa, wato miligiram 10, 100 ko 1000, a kan kowane kilo na nauyin jiki, a zuba musu ido awa 24. In sun tsallake, sai a ƙara har zuwa 5000. Iyakar abin da wannan ke nunawa shi ne adadin da zai kashe nan take. Ɓera na iya ta zirga-zirgarsa a keji alhali hantarsa ta fara taɓuwa.

Mama kuwa kullum take sha, don haka gwajin da ya shafe ta shi ne na kwana 28 ko 90. Nan ana ba dabbar maganin kowace rana, ana auna nauyinta da cin abincinta. A ƙarshe a ɗebi jini a duba sinadaran hanta, ALT da AST, da na ƙoda, sannan a yanka a duba naman hantar da ƙodar a madubin ɗakin gwaji. Shi ne mai cin kuɗi da lokaci, shi ya sa ba kasafai masu talla ke maganarsa ba.

Ita sanya ba abin wasa ba ce. Ƙamshin man zafi da kike ji a saiwar na wani sinadari ne ɗan'uwan asfirin, kuma yawansa guba ne, musamman ga mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin tsinka jini. Ga shi a ɗakin gwaji da sikeli ake aunawa, a gida kuwa da ido ake jiƙawa, yau ya yi kauri gobe ya yi ruwa.

Shawarata, ta dakata tukuna. Ki kai ta asibiti a yi mata gwajin hanta da ƙoda, ki riƙe saiwar a hannu ki nuna wa likita, ki faɗa masa tun yaushe ta fara sha.