Hukuncin yi wa ɓeraye tiyata domin binciken ɗinkin hanji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni likita ne mai neman ƙwarewa a fannin tiyata, kuma sai na gabatar da bincike kafin in kammala. Nawa binciken a kan ɗinkin hanji ne, domin muna yawan karɓar yaran da taifot ya huda wa hanji, mu ɗinke, bayan 'yan kwanaki ɗinkin ya warware. Zan gwada salon ɗinki iri biyu a kan fararen ɓeraye 40: a sa musu barci, a yanke hanjin a haɗa, a rufe ciki, a kwana na 7 a kashe su a auna ƙarfin ɗinkin. Ba za mu ba su maganin ciwo bayan sun farfaɗo ba, don kada ya shafi sakamako. Wani abokina ya ce haramun ne kashe dabbar da ba ci za a yi ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Likita, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kafin ka ɗauki wuƙa. Binciken da kake nufi halal ne a asalinsa, kuma idan niyyarka ta tsaya a kan ceton waɗannan yara, ina fatan ka samu lada. Sai dai a yadda ka tsara shi akwai abu guda da ba zan iya halatta maka ba, kuma ba shi ne wanda ka tambaya a kai ba. Zan fara da maganar abokinka, sannan in dawo gare shi.

Abokinka yana da abin da ya dogara da shi. Akwai hadisi a wurin Nasa'i cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙinsa ba Allah zai tambaye shi, da aka tambayi ko mene ne haƙƙinsa sai aka ce ya yanka shi ya ci, kada ya cire masa kai ya yar. Malaman hadisi sun yi saɓani a kan ingancinsa, amma ko mun ɗauke shi ingantacce, ba ya nuna abin da abokinka ya fahimta. An ambaci ci ne domin shi ne amfanin da aka sani a jikin ɗan tsuntsu, kuma wata ruwayar ta bayyana illar hanin da lafazin kisa don wasa. Da a ce ci ne kaɗai ke halatta kashe dabba, da ba a kashe kunama da mahaukacin kare ba, da manomi bai kare gonarsa daga fara da jan baki ba, kuma babu malamin da ya faɗi haka.

Haka kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar, lokacin da ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa da kibiya, ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Waɗannan samarin suna iya koyon harbi a jikin itace, saboda haka azabar tsuntsun ba ta ƙara musu komai ba. Kai kuwa warkewar hanji ba ta faruwa sai a jiki mai rai, wanda jini ke gudana a cikinsa. Shari'a ta yarda a jawo wa dabba ciwo gwargwadon maslaha: Anas ya ga Annabi da hannunsa yana yi wa raƙuman zakka alama da wuta, amma ya hana a yi a fuska, kuma malamai da yawa sun halatta dandaƙar rago saboda kyautata nama. Idan an yarda da wannan domin tsare dukiya da daɗin nama, to tsare ran yaron da hanjinsa ya huje ya fi cancanta. Likitocin Musulmi na farko ma a kan haka suka tafi. Ar-Razi ya gwada zaiba a kan biri kafin ya yi magana a kan illarta, Ibn Zuhr na birnin Ishbiliya a Andalus, wanda ya rasu a 1162, ya huda maƙogwaron akuya ya jinyace ta har ta warke domin ya tabbatar cewa aikin ba ya kisa, shi kuma Az-Zahrawi ya yi bayanin ɗinke hanji da zaren da aka samo daga hanjin dabba. Aikinsu shi kaɗai ba hujja ba ce ta shari'a, amma yana nuna cewa abin ba baƙo ba ne a cikin al'ummar nan.

Kada kuma ka karɓi hujjar da wasu za su kawo maka ta ɗaya ɓangaren, cewa ai ɓera yana cikin fasiƙan dabbobi biyar da aka halatta kashewa ko a cikin Harami, saboda haka a yi masa duk abin da aka ga dama. An halatta kashe ɓeran gida ne saboda ɓarnarsa. Wanda aka haifa a keji, yana cin abin da ka ba shi, bai ɓata wa kowa rumbu ba, amana ce a hannunka kamar kyanwar nan da hadisinta ya shahara, wadda wata mata ta tsare ba abinci har ta mutu. Ko abin da aka yi umarni a kashe ma, kamar tsaka, wanda ya kashe ta a bugu ɗaya ya fi lada a kan wanda ya maimaita.

Yanzu ga inda hukunci ya canza. Ka ce za ku tsaga cikin dabba, ku yanke hanjinta, ku ɗinke, sannan ku bar ta kwana 7 ba maganin ciwo. Wannan bai halatta ba matuƙar akwai mafita, domin abin da aka halatta saboda buƙata ana auna shi ne da gwargwadon buƙatar, kuma Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wurin yanka. Kai ka fi ni sanin halin da mutum yake ciki a daren farko bayan aikin ciki, yadda tari kaɗai ke sa shi ya riƙe gado. Ɓera ba ya ihu, amma za ka same shi a lungun keji ya ƙudundune, gashinsa ya tashi, idonsa a kanne, bai taɓa abinci ba. Na tambayi wani likitan dabbobi a kan uzurin da ka kawo, ya ce tsoron yana da tushe a kan magungunan rage kumburi irin su diclofenac, waɗanda ake zargi da raunana ɗinkin hanji, amma akwai wasu magungunan ciwo na daban kamar buprenorphine da masu irin wannan bincike suke amfani da su. Ya ƙara da cewa idan an ba rukuni biyun magani iri ɗaya, gwargwado ɗaya, kwatancen bai lalace ba, kuma dabbar da ciwo ya hana ci ba ta warkewa yadda ya kamata, wanda shi ma yana gurɓata sakamako. Yaran da kake son taimaka wa ana ba su maganin ciwo bayan aiki, don haka gwajin da aka yi da shi ya fi kusa da halin da suke ciki. Ka koma wurin babban likitan da ke duba aikinka ka gyara wannan sashe. Idan kuɗin maganin ne matsalar, ka rage wani abu a kasafin, ko ka jinkirta har ka samu.

Sauran sharuɗɗan babu saɓani a kansu: barcin ya yi nisa kafin yanka, a kashe su ta hanya mafi sauƙi, kada a yi a gaban 'yan uwansu, wanda ɗinkinsa ya warware ya shiga wahala a hutar da shi ba sai kwana na 7 ba, kuma adadin ya zama wanda lissafi ya nuna ana buƙata. Ka koyi ɗinkin a kan hanjin da ka sayo a mahauta har hannunka ya faɗa, kada ɓerayen farko su zama wurin koyonka. Jininsu da mushensu najasa ne, ka kula da rigar da za ka yi salla da ita.

Ina kuma yi maka nasiha a kan abin da zai biyo baya. Ɓera ba ya amai, ba shi da matsarmama, hanjinsa lafiyayye ne ranar da ka yanka shi, alhali yaron da aka kawo maka ya yi makonni yana zazzaɓi, ya rame, cikinsa cike da mugunya. Abin da ya yi kyau a keji dalili ne na ci gaba da bincike, kada ka rubuta shi kamar an gama magana. Idan ɓeraye sun mutu a rukunin da kake so ya yi nasara, ka rubuta su yadda suka mutu, domin ɓoye su shaidar zur ce da wani likita zai gina aiki a kanta a jikin ɗan wani.

Ranar da za ka kai ga gwaji a kan mutane, ka dawo mu yi magana, domin hukuncinsa daban ne. Mu a nan ba mu manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani a binciken da ya haɗa yara kusan 200, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko iyayensu sun san gwaji ake yi. Uban da ya taho daga ƙauye da tsakar dare, ɗansa na nishi a kan gado, zai dangwala yatsa a kan duk takardar da aka miƙa masa, kuma wannan ba yarda ba ce a shari'a. Sai an zaunar da shi an gaya masa da harshen da yake ji cewa bincike ne, ga abin da ake fata, ga abin da ake tsoro, kuma idan ya ƙi za a yi wa ɗansa aiki da irin kulawar da za a yi wa wanda ya yarda. Allah ya sa albarka a hannunka. Wallahu a'alam.