Tambaya da Amsa: Me Ke Cika Filayen Ƙwallon Jami'o'in Amurka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na arewacin Kamaru, kuma ina cikin kwamitin wasanni na ƙungiyar ɗalibai. Kwanan baya wani abokina ya nuna mini bidiyon wani fili a Amurka cike maƙil da jama'a, ya ce sun haura mutum 100,000 kuma wasan ɗaliban jami'a suka zo kallo. Na ƙaryata shi a gaban mutane, domin mu idan muka shirya wasa ba mu ganin kowa a bakin fili sai abokan 'yan wasan da masu sayar da ruwan sanyi. Shin gaskiya ya faɗa? Idan gaskiya ce, me ke kawo wannan taro, kuma akwai abin da za mu ɗauka daga wurinsu?

Daga wani ɗalibi, arewacin Kamaru

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗana. Sai ka je ka ba abokinka haƙuri, kuma tunda a gaban mutane ka ƙaryata shi, a gabansu ya kamata ka janye maganarka. Filin wasan Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor yana ɗaukar mutum 107,601, kuma a 2013, ranar da suka kara da Jami'ar Notre Dame, an ƙirga mutum 115,109 a cikinsa. Tun daga ƙarshen 1975 kowane wasan gida da suka yi ana sanar da taron da ya haura 100,000, ban da shekarar 2020 da annobar korona ta sa aka rufe ƙofofi. Ka kwatanta wannan da filinmu na Roumdé Adjia a Garwa, wanda ba ya wuce mutum 30,000, za ka ga sai an haɗa irinsa fiye da uku kafin a kai. Haka kuma filayen jami'o'in Penn State da Ohio State da Texas A&M, kowannensu ya haura 100,000.

Ƙwallon da suke yi dai ba irin tamu ba ce. Wasa ne mai kama da zari-ruga, da hannu ake ɗaukar ƙwallon mai siffar ƙwai a ruga da ita, 'yan wasan suna sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa. A jami'o'i aka haifi wasan, domin karawar da ake lissafawa a matsayin ta farko tsakanin jami'o'in Rutgers da Princeton aka yi ta a ranar 6 ga Nuwamba 1869, ita kuwa gasar ƙwararru ta NFL sai 1920 aka kafa ta. Ke nan shekara hamsin jami'o'i suka yi suna tara magoya baya kafin ƙwararru su shigo kasuwa, kuma har yau akwai jihohi kamar Alabama da Nebraska da Iowa da Oklahoma da ba su da ƙungiyar NFL ko ɗaya. A irin waɗannan wurare ƙungiyar jami'a ita ce ƙungiyar jiha baki ɗaya, kamar yadda ƙungiyar ƙwallon Coton Sport take a wurin mutumin Garwa da bai taɓa noma auduga ba balle ya yi aiki a kamfanin auduga na Sodecoton. Don haka kuskure ne ka ɗauka ɗalibai ne suka cika kujerun da ka gani. Ɗalibai ɓangare ɗaya suke da shi a fili. Mafi yawan jama'a tsofaffin ɗalibai ne da iyalansu, da manoma da 'yan kasuwa da ma'aikatan da wasunsu ba su taɓa shiga aji a jami'ar ba.

Misalin da na fi so ka tsaya a kansa shi ne na Nebraska, domin shi ne yake rushe tunanin da kusan kowa yake fara yi, wato cewa nasara ce take kawo taro. Jiha ce mai mutane kusan miliyan 2, filinta na garin Lincoln yana ɗaukar sama da 85,000, har ana cewa ranar wasa filin ne yake zama gari na uku mafi yawan jama'a a jihar. Tun daga Nuwamban 1962 ake sayar da tikitin kowane wasan gida ƙarƙaf, ban da shekarar korona. An yi zamanin da ƙungiyar take cin kofin ƙasa, ta ci a 1970 da 1971, ta sake ci sau uku tsakanin 1994 da 1997. Amma daga 2017 zuwa 2023, shekara bakwai a jere, wasannin da aka ci ta sun fi waɗanda ta ci yawa, kuma duk da haka tikiti bai daina ƙarewa ba. Mutumin da kakansa ya riƙe kujera, mahaifinsa ya gaje ta, shi ma aka riƙa kai shi tun yana goye, ba ya tambayar ko ƙungiyar tana da ƙarfi bana kafin ya shirya tafiya, kamar yadda Bakano ba ya tambayar ko dawakan bana sun yi ƙiba kafin ya fita kallon hawan salla. A 2023 ma jami'ar ta kai wasan ƙwallon raga na mata cikin wannan fili, mutum 92,003 suka zo, abin da ya nuna cewa son da ake yi na jami'ar ne da jihar, wasan kuwa dalilin haɗuwa ne.

Akwai kuma batun ƙaranci da tsayayyen lokaci, wanda a ganina shi ne ya fi shafar kwamitinku. Ƙungiya tana buga wasa 12 ne kacal a kakar da take farawa ƙarshen Agusta ta ƙare wajen ƙarshen Nuwamba, shida ko bakwai daga ciki a gida, kuma galibinsu ranar Asabar. Ana sanin ranakun tun watanni kafin lokacin, wasu karawar ma shekaru kafin su zo, saboda haka mutum yana tsara hutunsa da tafiyarsa a kansu, har masu aure sukan kauce wa waɗannan ranaku. Ranar wasa kuma tun da hantsi ake fara taruwa a wuraren ajiye motoci, kowane gida ya buɗe bayan motarsa ya kafa murhu yana gasa nama, ana ziyartar juna, sannan ƙungiyar masu busa da kiɗa ta ɗalibai, wadda takan kai mutum ɗari biyu ko uku, ta yi jerin gwano zuwa fili. Kowace jami'a tana da al'adarta da ake gada. A Texas A&M ɗalibai a tsaye suke kallon wasa daga farko har ƙarshe, don tunawa da wani ɗalibi mai suna E. King Gill wanda a 1922 aka kira shi daga cikin 'yan kallo bayan 'yan wasa sun ji raunuka, ya sa kaya ya tsaya a gefe yana jira ko za a buƙace shi. A Iowa kuwa tun 2017, idan aka gama kashin farko cikin kashi huɗu na wasa, duk jama'ar fili sukan juya su ɗaga wa yaran da ke kwance a asibitin da ke kallon filin hannu.

To amma kada bidiyo ya ruɗe ka ka ɗauka ko'ina haka yake. Rukunin farko na gasar yana da jami'o'i fiye da 130, kuma da yawa daga cikinsu kujeru a bushe suke buga wasa. Matsakaicin taron wasa guda ya kusa 47,000 a 2008, ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da 40,000 a 2021 kafin ya ɗan farfaɗo. Dalilan ba baƙi ba ne a wurinmu: tikiti ya yi tsada, talabijin yana nuna kusan kowane wasa tar a falo, kuma gidajen talabijin ɗin ne suke zaɓar lokacin wasa, wani lokaci su kai na ƙananan ƙungiyoyi daren Talata ko Laraba. Alƙaluman da ake sanarwa ma sau da yawa na tikitin da aka raba ne, ba na mutanen da suka shiga ƙofa ba. Ita kanta Nebraska a 2021 sai da wasu masu hali suka saye ragowar tikitin wani wasa aka raba wa yara kyauta kafin tarihinta na ƙarewar tikiti ya tsira. Hukumar NCAA mai kula da wasannin ta daɗe da dokar cewa sai jami'a tana tara matsakaicin mutum 15,000 kafin ta zauna a rukunin farko, amma a 2023 ta soke dokar.

Game da ku kuwa, ba na jin matsalarku rashin son ƙwallo ce a wurin jama'a. Duk wanda yake Garwa a Janairun 2022 ya ga yadda gari ya ɗauki harama lokacin da Najeriya ta buga wasannin rukuninta na Gasar Cin Kofin Afirka a Roumdé Adjia, ta doke Masar da Sudan da Gini-Bisau kafin Tunisiya ta fitar da ita a wannan fili. Kuma duk daren da ake gasar zakarun Turai, gidajen kallo cike suke da matasan da suka biya kuɗinsu. Abin da jami'o'inmu ba su da shi shi ne tsufa da zuri'a. Jami'ar Ngaundere a 1993 ta zama cikakkiyar jami'a, ta Marwa a 2008 aka kafa ta, ta Garwa kuwa a 2022, saboda haka da wuya a sami kakan da zai ce nan ya yi karatu ya kawo jikansa. Wannan ba abin da kwamiti zai gyara ba ne, lokaci ne yake yin sa. Abin da yake hannunku shi ne ku zaɓi abokiyar hamayya guda, ku tsayar da rana guda a shekara wadda ba ta motsawa ko da shugabannin ƙungiyar ɗalibai sun canja, ku sa wasan bayan la'asar yadda za a tashi kafin magariba, ku kauce wa watannin Maris da Afrilu da zafi yake haura digiri 40, ku kuma duba kada ya faɗo cikin azumi ko makon jarrabawa. Ku rubuta wa waɗanda suka gama karatu takardar gayyata da sunansu, ku je gaisuwa wurin masu unguwannin da ke kewaye da makaranta, ku ba masu tsire da masu shayi wuri, ku nemi makaɗa. Ku kuma yi wa ƙofar shiga tsari tun taron yana ƙarami, domin turmutsitsin da ya kashe mutum takwas a filin Olembe na Yawunde a wancan Janairun a bakin ƙofa ya faru. Shekarar farko wataƙila mutum ɗari biyu za ku gani, kuma ina ba ku shawara ku ƙirga su da gaske ku rubuta a littafi don waɗanda za su gaje ku.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, ina da yara a makaranta. Na ji ana cewa wasan ɗalibai a Amurka yana kawo biliyoyin daloli. Aljihun wa kuɗin yake shiga, kuma yaran suna karatu kuwa?

Daga wani magidanci, Njamena, Cadi

AMSA

Barka kadai Alhaji. Maganar biliyoyi gaskiya ce, amma mafi yawansu daga talabijin suke fitowa. Rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten, wanda Michigan da Nebraska suke ciki, ya ƙulla yarjejeniyar kusan dala biliyan 7 ta shekara bakwai da tashoshin Fox da CBS da NBC, wadda ta fara aiki a 2023. Bayan wannan sai kuɗin tikiti da gudummawar tsofaffin ɗalibai, kuma a manyan filaye sai mutum ya ba da gudummawa duk shekara kafin a ba shi damar sayen kujera mai kyau. Kuɗin yana tafiya ne wajen gine-gine, da ɗaukar nauyin sauran wasannin da ba su kawo riba, da albashin masu horarwa, har ta kai a jihohi da dama mai horar da ƙungiyar jami'a ya fi kowane ma'aikacin gwamnatin jihar albashi, har da gwamna. Tare da haka, mafi yawan jami'o'i ba su cin riba a sashen wasanni, daga asusun makaranta da kuɗin da ake ɗora wa ɗalibai ake cike giɓin.

Su 'yan wasan shekaru da yawa ba su samun komai sai karatu kyauta da abinci da wurin kwana. A Yulin 2021 aka ba su izinin karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu, sannan a 2025 wata kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wani ɓangare na wannan nauyi ya koma kan 'yan kallo, domin Jami'ar Tennessee ta ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan tikiti da sunan biyan 'yan wasa. Karatu kuwa sharaɗi ne, wanda makinsa ya faɗi ƙasa da ƙa'ida ana dakatar da shi daga wasa, sai dai atisaye da tafiye-tafiye suna cinye masa lokacin da ya yi kusa da na cikakken ma'aikaci, kuma waɗanda suke samun shiga NFL daga cikinsu ba su kai biyu cikin ɗari ba.